Wane birkin kantiliba ne zai zauna a tsohon keken doguwar tafiya?

Tambaya: Ina da tsohon keken doguwar tafiya, firam ɗin ƙarfe ne ƙirar Jafan na farkon shekarun 1980. Da taya mai inci 27 ya zo, ni kuma ina so in koma girman taya da ake kira 700C don ta fi sauƙin samu. Birkinsa kantiliba ne, irin mai ɓangarori biyu da ke matse rim hagu da dama idan aka ja waya ta sama, amma robarsa ba ta sauka ta kai sabon rim ɗin. Na sayo sabon kantiliba na zamani, shi ma ya ƙi zama daidai. Wane iri zan nema wanda ake iya saita shi sosai?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar saye tukuna, ɗauko rula. Sabon birkin da ka sayo wataƙila lafiyarsa lau, sai dai ba don irin firam ɗinka aka ƙera shi ba. Awo biyu zuwa uku ne za su gaya maka abin da zai zauna a kekenka, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake rubutawa a jikin kwalin birki.

Bari mu fara daidaita sunaye don kada mu ruɗe. Waɗannan ƙarafan biyu da aka liƙa a jikin fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, da biyun da ke baya a jikin firam, waɗanda birki ke juyawa a kansu, zan kira su turaku. Ɓangarorin birkin da ke hawa kansu su ne damatsa. Gajeriyar wayar da ta haɗa damtsen hagu da na dama ta saman taya ita ce wayar giciye, ƙaramin ƙarfen da ke ɗaga ta kuma maratayi. Hannun birki shi ne wanda kake matsawa a kan keke.

Awon farko shi ne tazarar da ke tsakanin turaku biyu, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. A kekunan zamani tana kusa da milimita 80, kuma a kan haka ake zana kusan duk kantiliban da ake ƙerawa yau. Kekunan doguwar tafiya na ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980 kuwa, da yawansu tazarar ba ta wuce 55 zuwa 65 ba, musamman a gaba. Auna gaba dabam, baya dabam, domin ba lalle ne su zo ɗaya ba.

Yi wannan ɗan lissafin ka ga inda gizo ke saƙar. A ce faɗin rim ɗinka daga waje milimita 23 ne. Idan tazarar turaku 80 ce, daga tsakiyar turke zuwa gefen rim akwai milimita 28 da rabi. Idan 60 ce, saura 18 da rabi. Wato an ƙwace maka milimita goma a kowane gefe, kuma a cikin wannan ɗan wurin ne roba da mariƙinta da wasoshinta za su shiga, har a bar sararin da birki zai buɗe. Birkin zamani da ke sa ran samun wuri mai faɗi, idan bai samu ba, dole damtsensa ya kwanta waje fiye da yadda aka tsara. Da ya kwanta, sai robar ta ɗaga kai tana kallon sama, ta taɓa rim da baki ɗaya kawai, ko ma ta nufi gefen taya. Ina kyautata zaton abin da ka gani ke nan.

Awo na biyu shi ne tsayi, daga tsakiyar turke zuwa tsakiyar wurin da roba ke gugar rim. Rim mai inci 27, inda bakin taya ke zama, faɗin da'irarsa milimita 630 ne, na 700C kuma 622. Bambancin takwas ne, rabinsa huɗu, saboda haka robarka za ta sauko da milimita huɗu. Huɗu kacal, amma tsofaffin birki irin su Mafac na Faransa da Dia-Compe 960 ba su da tsagar da za a zame roba sama ko ƙasa. Rami ɗaya ne, sai dai ka karkatar da robar, kuma karkatarwa ba saukarwa ba ce. Mafac birki ne mai kyau ƙwarai a kan rim ɗin da aka liƙa turakun dominsa. Da ka sauya girman rim, ya tashi daga aiki.

Kada ka auna wannan a kan takarda. Sa sabuwar ƙafar 700C a fok, ka ɗaure ta yadda za ta zauna in ana tafiya, sannan ka auna. A baya kana da ɗan sassauci idan wurin da gatarin ƙafa ke shiga doguwar tsaga ce a kwance, kamar yadda yake a yawancin kekunan wancan zamanin: matsar da ƙafar gaba ko baya yana ɗan sauya inda rim ke faɗawa a gaban roba. A gaba babu wannan gatan. Shi ya sa a fok ake yin gwajin farko. In ya zauna a gaba, da wuya baya ya gagara.

Af, duba wani abu kafin mu ci gaba: turakun kantiliba a ƙasan rim suke. Idan naka suna sama da rim, na wani nau'in birki ne dabam, kuma babu kantiliban da zai hau su.

To, me ake nufi da birki mai saituwa? Masu talla suna kiran kowane ƙaramin sukuru da wannan sunan, amma a wurinka abu biyu ne ke da nauyi. Na ɗaya, tsaga a jikin damtse wadda za ta bar roba ta sauka ƙasa sosai, kusa da turke. Ba tsawon tsagar ne abin dubawa ba, inda ta ƙare ta ƙasa shi ne. Na biyu, yadda za a iya janye robar baya ta matso jikin damtse. A nan ne robobi suka kasu gida biyu.

Akwai roba mai sanda sumul, marar zare. Sandar tana ratsa wani noti mai ido, kana iya tura ta ciki ko ka janye ta waje yadda kake so kafin ka ɗaure. Akwai kuma roba mai sanda mai zare, irin ta birkin V (mai dogayen damatsa a tsaye da waya ke ja daga gefe), wadda ke zuwa da wasoshi masu kumburi da masu loko, ɗaya mai kauri ɗaya siriri. Da ita zaɓinka biyu ne kawai: mai kaurin a ciki ko siririn a ciki. Mai zare ta fi daɗin saitawa nesa ba kusa ba, alanki ɗaya ya isa. Mai sumul kuwa gwajin haƙuri ce, domin noti guda ne ke riƙe da tsayi, da zurfi, da karkata, da juyi duk a lokaci ɗaya, kuma kana ɗaurewa wani abu zai goce. Duk da haka, a firam mai matsattsun turaku ita nake zaɓa, saboda tana shiga inda ɗayar ba ta shiga.

Wannan ya kawo mu ga shawarata, wadda ba kowa ke son ji ba: birkin da ya fi dacewa da kekenka mai yiwuwa tsoho ne shi ma. Shimano sun yi jerin kantiliba a shekarun 1980 waɗanda suka haɗa tsagar sama da ƙasa da roba mai sanda sumul, irin su BR-MC70, BR-AT50, BR-MT60 da BR-MT62, da kuma Deore XT mai lamba M730 da M732. Dia-Compe 981 ma yana da tsaga. An yi su ne a lokacin da matsattsun turaku da masu faɗi ke tafiya tare, don haka suna ɗaukar duka biyun. Su ne masu gyaran tsofaffin kekuna suka fi komawa gare su idan za a sauya 27 zuwa 700C. Da ni ne, da MT62 ko M732 zan fara nema.

Idan sabo kake so dole, wanda ya fi kusa shi ne Shimano BR-CX50, da yayansa CX70 in ka ci karo da shi. Suna zuwa da zobban tazara masu kauri daban-daban da ake sawa tsakanin damtse da roba, kuma da mafi siririn mutane da dama sun zaunar da su a tsofaffin fok. Tektro CR720, da Neo-Retro da Touring na kamfanin Paul, da Avid Shorty Ultimate wanda ake iya haɗa shi a buɗe ko a tsuke, duk birki ne nagari, amma a kan tazarar zamani aka zana su. In turakunka sun kai 75 ko sama, zaɓi wanda ranka ke so a cikinsu. In suna wajen 60, kada ka biya kuɗi sai ka gwada, ko ka tabbata za a karɓa idan bai zauna ba. Tsada ba ta ƙara wa fok faɗi.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Na sayi birki mai kyan gani don wani firam da nake ji da shi, ban auna komai ba, na kwana biyu ina juya wasoshi, har na kai ga goge bayan roba da magagari. Da ya zauna da ƙyar, sai na tarar ba ya buɗewa yadda taya za ta fita sai an sace mata iska. Daga ƙarshe wani tsohon birki da ke kwance a akwatin tarkace ne ya yi aikin cikin rabin sa'a.

Akwai dabaru biyu da ke sayo maka 'yan milimitoci. Roba siririya, irin Thinline ta Kool-Stop ga masu sanda mai zare, tana rage kauri. Rim ma haka: tunda sabuwar ƙafa za ka haɗa, kada ka ɗauki rim mai faɗi irin na yayi. Kowace milimita biyu da ka rage a faɗin rim, ka samu ɗaya a kowane gefe. Duba kuma tsawon roba a gaba, domin doguwa takan bugi ƙafar fok ta ciki idan birki ya buɗe, ta hana shi buɗewa gaba ɗaya.

Yanzu maganar siffa, wato mai buɗaɗɗen damtse da mai tsukakke. Mai buɗaɗɗe, irin Mafac da CR720, damatsansa sun miƙe gefe kamar fukafukai. Yana barin sarari mai yawa tsakanin roba da rim, taɓo ba ya cushe shi, kuma bai cika damuwa da tsayin maratayi ba. Ƙarfinsa matsakaici ne, kuma ba ya sauyawa sosai duk yadda ka saita shi. Mai tsukakke damatsansa sun nufi sama. Shi ƙarfinsa a hannun wayar giciye yake: ka sauke maratayi kusa da taya, ƙarfi ya ƙaru amma hannun birki ya yi laushi, robar kuma dole ta zauna dab da rim. Ka ɗaga shi, hannu ya yi tauri, ƙarfi ya ragu.

Wannan wurin yana yaudarar mutane da yawa. Mutum ya matsa hannun birki keke na tsaye, ya ji tauri kamar dutse, ya ce birki ya yi. A kan gangara da kaya ne zai gane kurensa. Taurin nan alama ce ta cewa ƙarfin yatsunka ba ya ninkuwa kafin ya isa rim. Birki mai ƙarfi yakan ɗan yi laushi a hannu, saboda yana matse roba har yana ɗan buɗa ƙarafan firam. Abin da kake nema shi ne ka sauke maratayi iyakar yadda murfin kare taɓo da kariyar ɗaukar kaya ta gaba suka bari, muddin hannun birki ba ya kaiwa jikin kan keke in ka matsa da iyakar ƙarfinka. Saboda haka na fi son wayar giciye ta gargajiya mai maratayi dabam a kan gajeriyar wayar haɗi mai tsayayyen tsawo da ke zuwa da birkin Shimano na baya-bayan nan. Ta gargajiyar kai ne ke yanke mata tsawo.

Sai dai wayar haɗin ba a banza aka ƙirƙiro ta ba. Idan babbar waya ta tsinke ko ta kuɓuce, wayar giciye ta gargajiya tana faɗawa kan taya, in tayar mai ƙuraje ce ta kama ta, ƙafar gaba ta tsaya cak, mahayi ya wuce ta kan keke. Murfin kare taɓo yana tare wannan, kariyar gaba da aka ɗaure a ramin kan fok ma haka. In ba ka da ko ɗaya, sa dogon noti ko mariƙin fitila a ramin, ya tsaya a ƙarƙashin wayar.

A keken da ke ɗaukar jakunkuna, duba baya da kyau kafin ka zaɓi mai buɗaɗɗen damtse. Yakan tokari jaka, a ƙaramin firam kuma diddigenka yakan taɓa shi. Ba laifi ba ne ka sa buɗaɗɗe a gaba, tsukakke a baya. Birkunan Shimano na shekarun 1980 da na ambata suna tsakiya ne, ba su miƙe sosai ba, ba su tsuke sosai ba, wannan ma wani dalili ne da ya sa suke dacewa da aikin.

Wani zai ce maka ka huta kawai ka sa birkin V. Shi ma turakun kantiliba yake hawa, gaskiya ne, amma tun da Shimano suka fito da shi a 1996 a kan tazara mai faɗi aka gina shi, a matsattsun turaku damatsansa sai su baje waje. Ga shi yana buƙatar hannun birki mai jan waya da yawa, naka kuwa na lanƙwasasshen kai mai gajeren ja ne, irin wanda kantiliba ke so. Ƙarin kashe kuɗi ne a kan matsalar da ba a warware ba.

Sifirin kuma fa? Leƙa gindin turke, za ka ga ƙaramin rami ɗaya ko uku inda wutsiyar sifirin ke shiga. In uku ne, fara da na tsakiya a duka gefen. Yawancin tsofaffin firam ɗaya ne da su, a nan ne sukurun daidaita sifirin a jikin birki ke da amfani, don da shi za ka sa robobin biyu su bar rim daidai wa daida. Wasu, irin na Paul da SunTour XC Pro, ba sa ma amfani da ramin, da sifana ake murɗa ƙarfin sifirin a jikinsu, wanda ke ceton firam ɗin da raminsa ya lalace. Kada ka tsananta shi. Sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara tsayar da keke, gajiyar da yatsu kawai yake yi.

In tsohon birki za ka saya, girgiza damtsen a kan turke ka ji. Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in yana lilo to bututun tagullar da ke ciki ya cinye, kuma zai riƙa kuka. Tabbatar sifirin biyun suna nan, don na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, haka ma wasoshin notin mai ido, waɗanda samun su su kaɗai wahala ne. Robar da ta zo da shi kuwa zubar da ita ko da ba ta taɓa aiki ba. Robar da ta shekara talatin ta zama katako. Sabuwa mai laushi, irin ta Kool-Stop mai launin ja-ja da aka sani da kamu a cikin ruwa, tare da sabuwar waya da sabon bututunta, sukan gyara birki fiye da sauya damatsan kansu.

Wajen ɗaurawa, goge turke da sanfefa mai laushi in ya yi tsatsa, shafa masa giris kaɗan. Notin da ke riƙe damtse kada ka danne shi da ƙarfin tsiya, don bakin turke yana iya bajewa ya kama birkin ya hana shi komawa. In ka tarar wani ya riga ya yi haka, magagari zai gyara bakin a hankali. Ga mai sanda sumul, cire sifirin daga aiki ko ka ɗaure hannun birki da igiyar roba yadda robar za ta jingina da rim, ka sa ɗan kwali siriri a ƙarƙashin ƙarshenta na baya, sannan ka ɗaure. Hakan zai sa gabanta ya riga taɓa rim da kamar milimita ɗaya, shi ne maganin kuka. In kuma fok yana karkarwa idan ka taka birkin gaba da ƙarfi, abin da ya fi faruwa a dogayen firam, sauko da matokarin bututun waya daga wuyan keke zuwa kan fok.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi shafar wanda ya koma 700C. Robar kantiliba ba a miƙe take zuwa rim ba, a lanƙwashe take zuwa, tana shiga tana yin ƙasa. Da ka sauke ta kusa da turke, wannan yin ƙasan yana ƙaruwa, kuma kullum tana cinyewa tana ƙara sauka. In aka yi sakaci, wata rana a kan matsa mai ƙarfi za ta zame ƙarƙashin rim ta shiga wayoyin ƙafa. Don haka saita ta kusa da bakin rim na sama, ka bar kamar milimita ɗaya tsakaninta da taya, ka matsa hannun birki da iyakar ƙarfinka kana kallon inda ta tsaya. Bayan 'yan tafiye-tafiyen farko sake dubawa. Idan ka ga wani ɗan leɓe ya fara fitowa a gefen robar na ƙasa, ta soma rataya a wajen rim ke nan: yanke leɓen da wuƙa, ka ɗaga ta, ka ɗan turo sandar ciki.